Ginshiƙin da Aka Yanke a Ƙasan Benenmu

Shafi na 19

Masu turo min saƙo wai na bar ku a tsaye tun shekaranjiya, na gani, ku yi haƙuri, wayata ce ta sha ruwa. Ke kuma da kika rantse tayil ɗin dutse za a sa a saman nan, gyara zama ki karanta a hankali.

* * *

Kala uku na jera a ƙasan ɗakin barcinmu na sama.

Tayil na dutse mai kauri, wanda sai mutum biyu ke ɗaga kwali ɗaya. Tayil na gama-gari mai ruwan madara. Sai katako mara nauyi, irin wanda ake harɗa shi da juna ba tare da siminti ba.

Sati uku ina jujjuya su. Zuciyata dai tana kan na dutsen, don in rana ta haska shi har fuskarka kake gani.

Mai sa tayil yana tsugune a tsakiyar ɗakin, ya kwantar da doguwar sandar awonsa a ƙasa. Ya ɗaga ta, ya juya ta, ya sake kwantarwa. Sau uku yana yi.

"Hajiya, akwai 'yar magana."

"Kada dai ka ce min na dutsen ya ƙare."

"Bai ƙare ba. Ƙasan nan ne ba daidai yake ba. Ya yi ciki."

"Ciki kamar yaya?"

Ya yafito ni. Na durƙusa kusa da shi. Bakin sandar biyu suna zaune a kan kankare, amma tsakiyarta a iska take. Ya zura yatsu biyu ta ƙarƙashi, suka wuce salin alin.

"Ba abin damuwa ba ne," in ji shi. "Sai mu kwaɓa yashi da siminti mu cike wurin, mu ɗora tayil a kai. Ko ke ba za ki gane ba."

"Ai na riga na gane."

Ya yi dariya. Ni ban yi ba.

Ɗinkin labule ne sana'ata, shekara goma sha ɗaya ke nan. Tef ɗin awo ba ya barin jakata. Tun ina ƙarama mahaifina ya sa min suna Uwar Awo, don in aka raba mana abu ni da ƙannena sai na jera na gwada kafin in yarda. Shi kuwa magini ne, shekara arba'in yana gini kafin ya ajiye. Shi ke kula mana da aikin gidan nan, tunda Abban yara kullum yana hanya wajen gyaran injinan asibitoci.

Na buɗe gorar ruwana na tsiyaya a bakin taga.

Ruwan ya ɗan tsaya, sai ya kama hanya. Bai yi hagu ba, bai yi dama ba. Ya miƙe har gindin bangon da ya raba ɗakinmu da na 'yan matanmu biyu, ya kwanta a nan.

Na je bakin ɗaya tagar na sake tsiyayawa. Shi ma can ya nufa.

"Malam, kankare yana lanƙwasa ne?"

"Ni tayil na sani, Hajiya."

"To me ke ƙarƙashin nan?"

"Ɗakin da ake ajiye siminti."

Sai a lokacin na tuna cewa tun da aka zuba dakin, wato kankaren da ke ɗauke da ɗakunan sama, ban taɓa shiga ɗakin nan ba. Kullum a kulle yake.

Na ce masa kada ya kwaɓa komai, na sauka.

* * *

Birkila yana bakin famfo yana wanke cokalin gininsa. Tsohon yaron Baba ne, a hannunsa ya koyi aiki, yanzu har gemunsa ya fara furfura. Tun ina rarrafe ya san ni.

"Yaya, ba ni makullin ɗakin siminti."

Bai ɗago ba.

"Makullin yana wurin Baba, ƙanwata."

"Wanda ke rataye a ƙugunka fa?"

"Wannan na banɗaki ne."

"Banɗakin da ba a sa wa ƙofa ba tukuna?"

Ya ci gaba da wanke cokalin da ya riga ya fita tas.

"Ƙura ce kawai a ciki. Za ta ɓata miki kaya."

"Ni zan wanke."

Na miƙa hannu na tsaya. Da ya ga ba inda za ni, ya kwance ya ba ni, yana wani kallon ƙofar gida kamar mai jiran a kawo masa ɗauki.

Na buɗe.

Siminti bai fi buhu goma ba a lungu. Ɗakin kuwa fili ne fetal, ya fi yadda nake zato girma. Na ja wani tsohon duro na hau, na auna daga ƙasa zuwa rufi a jikin bango. Mita uku cif. Na ja duron zuwa ɗaya bangon. Mita uku cif.

Na kai shi tsakiya.

Ya ragu da santimita uku da rabi.

Na sake aunawa, ko hannuna ne ya karkace. Haka dai.

Ina ɗaga kai sai na ga wani dogon layi na sabuwar filasta a rufin, launinsa ya fi na gefensa duhu. A tsakiyar layin akwai tsaga siririya kamar gashi, ta sake buɗewa.

"Yaya, wa ya shafe nan?"

"Ni ne."

"Me aka rufe?"

"Filasta ce ta yi 'yar tsaga. Haka take yi in ta sha rana."

"Rana a cikin ɗakin da ke kulle?"

Ya kawar da kai.

Na ɗauki hoto uku na tura wa Injiniya. Ita ta zana mana gidan. Bayan an gama tushe Baba ya ce ba sai an riƙa ɗora mata wahalar zuwa ba, shi zai kula da sauran. Ban ga komai a ciki ba a lokacin.

Ko minti biyu ba a yi ba ta kira.

"Akwai mutum a sama?"

"Mai sa tayil."

"Ya sauko yanzu. Kada kowa ya sake hawa. Ga ni nan."

* * *

Injiniya 'yar gajeruwa ce, mai saurin magana, hular kwano a kan mayafinta. Ta shigo da naɗaɗɗen zane a hammata, ko gaisuwar kirki ba mu yi ba. Ta tsaya a bakin ƙofa ta dubi ɗakin, ta warware zanen ta duba, ta sake duban ɗakin.

"Ina ginshiƙina?"

"Wane ginshiƙi?" na ce.

Ta juyo min da takardar, ta ɗora farce a kan wani ɗan baƙin murabba'i a tsakiyar ɗaki.

"Wannan. Shi ke ɗauke da tsakiyar dakin, shi ke ɗauke da bangon da ke sama. Na zana shi, na ga an kafa rodinsa da idona ranar da aka zuba tushe."

Ta taka zuwa tsakiya ta fara share yashi da ƙafa. Na tsuguna na taya ta da hannu. Sai ga kawunan rodi guda shida, an yanke su daidai da ƙasa, har sun fara tsatsa.

Na shafa su. Yankan inji ne, sumul.

"Ba mantuwa ba ce," in ji ta. "An fara shi, aka yanke."

Muka juya gaba ɗaya muka kalli Birkila.

"Ni umarni na bi."

"Umarnin wa?"

Ya cire hularsa ya sosa kai.

"Ƙanwata, don Allah ki jira Baba. Na kira shi, yana hanya."

Ni dai a lokacin ba tsoro nake ji ba, ba kuma fushi ba. So nake kawai in sani. Mutumin da ya taɓa sa a rushe katanga guda don ta karkace da faɗin yatsa, me zai sa ya yanke ginshiƙi a gidan 'yarsa?

Kafin ya iso na tsare Injiniya da tambaya.

"Zai faɗo?"

"Yau dai ba zai faɗo ba."

"Gobe fa?"

"Me kika yi niyyar ɗora masa?"

Na faɗa mata. Tayil ɗin dutse, da kwaɓin da mai sa tayil ya ce zai cike ramin da shi.

Ta rufe ido.

"Wato inda ya fi rauni nan za a fi loda wa nauyi. Sai ki kawo gado, ki kawo kabad, ki kwantar da yara a gefen bangon. Ba zan ce miki rana kaza ba, amma ni ba zan kwana a ɗakin ba."

"To me ya sa bai faɗo tun tuni ba?"

"Tambayar da nake yi wa kaina ke nan. Akwai abin da ke riƙe da shi a ciki. Wanda ya yanke ginshiƙin ya san gini."

Ta ciro fensir ta hau duron, ta yi alama a ƙarshen tsagar ta kowane gefe, ta rubuta kwanan wata.

"In ta wuce alamar nan, tana tafiya ke nan. Kullum ki leƙo ki duba. Ke dai na san za ki duba."

Sallamar Baba muka ji daga waje.

* * *

Ya shigo a hankali, hannayensa a baya yadda ya saba. Ya dubi rodin da muka tone, ya dubi alamar fensir a rufi, sannan ya dube ni.

"Uwar Awo, wa ya ba ki makulli?"

"Baba, ina wuni."

"Lafiya lau. Wa ya ba ki?"

"Ƙwata na yi."

Ya gyaɗa kai kamar dama ya san haka za a yi.

Injiniya ta rusuna ta gaishe shi, sannan ta miƙe.

"Baba, da girmanka, zan yi tambaya."

"Yi, 'yata."

"Kai ka sa a yanke?"

"Ni ne."

"Me ka sa a madadinsa?"

"Bim, ginshiƙin kwance. Daga bangon nan zuwa wancan."

Ta ɗaga kai ta dubi rufin. Shafe yake, ba abin da ya leƙo.

"Ina yake?"

"A cikin dakin na ɓoye shi. Kaurinsu ɗaya."

"Rodi nawa?"

"Shida, manya."

"Baba, mita bakwai ne tsakanin bangon nan da wancan. Bim mai wannan tsawo zurfi yake so, ba yawan rodi kawai ba. Ga kuma bangon bulo zaune a kansa."

"Na sani."

"Yaushe ya tsage?"

"Sati biyu bayan an cire tokara."

"Shi ne aka shafe da filasta?"

Baba ya ɗaga kai ya dubi tsagar.

"Da ido na yi," ya ce. "Shekara arba'in idona bai ba ni kunya ba. Wannan karon ya ba ni. Na shafe ne in ga ko za ta tsaya. Kullum da safe nakan zo in duba. Da na ga ta sake buɗewa na ce zan kira ki, sai in ɗauki waya in ajiye."

"Me ya hana ka?"

"Za ki tambaye ni dalili."

Na matso.

"To ni na tambaya, Baba. Mene ne dalili?"

Ya yi kamar bai ji ni ba.

"'Yata, faɗi gyaran kawai."

Injiniya ta sauke numfashi.

"Yau ɗin nan, kafin kowa ya tashi, a kafa tokara ta ƙarfe guda takwas a layin tsagar. A sauko da kwalayen tayil da tulin yashin da ke sama, a hankali, mutum ɗaya-ɗaya. Bangon da ke tsakanin ɗakunan sama a rushe shi, a mayar da na allo mara nauyi."

Ta juyo gare ni.

"Ke kuma ki manta da dutse. Katakon nan za ki sa."

"Ko na ruwan madarar ba zai yiwu ba?"

"Shi ma sai da kwaɓi. Katako."

Sati uku ina zaɓe, a minti ɗaya aka zaɓa min.

"Sai babban gyaran," ta ci gaba. "Mai sauƙi ne. Tushensa yana nan, rodinsa yana nan. A fasa ƙasa, a ɗaura sabo, a mayar da ginshiƙin inda yake. Kwana goma an gama."

"A'a."

Yadda Baba ya faɗe ta sai da Birkila ya ɗago.

"Ba za a sa komai a tsakiyar ɗakin nan ba."

"Baba, shi ya fi sauƙi, shi ya fi aminci."

"Na ce a'a. Nemo wata hanyar."

Injiniya ta bi bangon biyu da kallo.

"Akwai. A kawo bim na ƙarfe a tare dakin ta ƙasa, a kafa masa ginshiƙi biyu a jikin bango, ɗaya nan ɗaya can. Tsakiya ta zauna fili. Amma ya fi wahala nesa ba kusa ba, kuma sai na zauna na yi lissafi."

"Yi lissafin. Shi za a yi."

* * *

Suna wannan magana ni hankalina ya koma wani wuri.

Ƙofar ɗakin nake kallo.

Na yi wa ƙofofi labule sun fi dubu. Ƙofar ɗaki santimita tamanin ce, in ta yi yawa casa'in. Wannan ta yi min faɗi tun shigowata, ban dai tsaya a kanta ba.

Na ciro tef.

Mita ɗaya da ashirin.

"Injiniya, nawa kika zana ƙofar nan?"

Ta duba. "Casa'in."

Na wuce banɗakin da ke cikin ɗakin. Ita ma ƙofarsa haka. Kuma babu ɗan tudun nan da ake yi a bakin banɗaki don tare ruwa, ƙasan a shafe yake daga ɗaki har ciki. A jikin bango, kusa da inda za a kafa masai, an binne wasu ƙarafa biyu sun leƙo.

"Yaya, waɗannan na mene ne?"

"Na... rataye tawul."

"A daidai gwiwata?"

Na fito na bi bango da ido. Ramukan makunnin wuta duk a ƙasa suke, daidai ƙuguna. A sauran gidan kuwa daidai kafaɗa suke. Na tura ƙofar baya. Inda nake tsammanin matakala uku, gangara na gani, an zuba ta da kankare, ta sauka a hankali har inda ake ajiye mota.

Na dawo na tsaya a gaban Injiniya.

"Wane irin ɗaki ne wannan?"

Ta dubi Baba. Ta dubi ƙasa. Saurin maganar nan duk ya tafi.

"Na taɓa zana irinsa sau biyu."

"Wa aka zana wa?"

"Masu zama a keke. Keken marasa lafiya. Fili ake bari a tsakiya don keken ya juya."

Na juya.

"Baba, me likita ya ce maka?"

"Ni? Ƙalau nake."

"Kada ka ɓoye min. Ciwon ƙafar nan ne?"

"Uwar Awo, da ƙafata na zo daga bakin titi. Jiya ma na hau tsani."

"To Mama ce?"

"Uwarki ta fi ki lafiya."

"Surukata?"

"Ba ita ba ce."

"To wa zai zauna a keke a gidana ban sani ba?"

Ya zauna a kan buhun siminti, abin da ba ya yi, don yakan ce siminti ba kujera ba ne. Ya cire tabarau ya goge da bakin riga.

"Amana aka ba ni. Na yi alkawari ba zan faɗa da bakina ba."

"Wa ya ba ka?"

"Wanda ke da ikon cewa a yanke ginshiƙi a gidan nan, in yanke."

Mu biyu ne ke da wannan ikon. Ni kuwa ban ce ba.

Injiniya ta naɗe zanenta a hankali, ta ce za ta je ta ga batun tokara. Birkila ya bi ta har yana tuntuɓe.

Na zauna a kan duron.

Abubuwa suka riƙa zuwa min ɗaya bayan ɗaya. Motar Abban yara mai giyar hannu da yake ji da ita, bara ya canza ta da wadda ba a taka kuloci, ya ce cunkoso ya ishe shi. Ƙaramarmu da ya daina ɗauka a kafaɗa, wai ta yi nauyi. Takalminsa na hagu da ke cinyewa ta gaba, har na kai wa mai gyara sau biyu ina yi masa tsiya wai yana tafiya kamar mai share titi. Kwas ɗin da yake zuwa kowane wata, kwana biyu, ya dawo a gajiye ba takarda ba littafi.

Duk na gani. Ko ɗaya ban haɗa da ɗaya ba.

"Tun yaushe, Baba?"

"Ban ce komai ba."

"Tun yaushe ka san abin da ba ka ce ba?"

Ya mayar da tabaransa.

"Wata takwas. Ranar da za a ɗaura katakon dakin ya same ni a nan. Ya ce kin shekara shida kina mafarkin ɗakin sama mai taga biyu, ba zai hana ki ba. A gina miki samanki yadda kike so. Shi dai a gyara masa nan."

"Shi a ƙasa, ni a sama?"

"Na faɗa masa ba za ki yarda ba. Ya ce in bari a tare tukuna."

Ƙarar mota muka ji a waje. Na san ƙarar.

"Birkila ne ya kira shi," in ji Baba. "Uwata, ki bi shi a hankali."

Na fita ta cikin falo, na hau matakala har ƙarshe, na tsaya a bakinta. Nan ba kan tsagar ba ne, na ji Injiniya ta faɗa wa masu sauko da kaya.

* * *

Abban yara ya shigo da jakar aikinsa a kafaɗa, yana murmushi.

"Maman yara, an ce kin tayar da hankalin ma'aikata. Me ya faru?"

"Na zaɓi abin da za a sa a ƙasa."

"Madalla. Wanne?"

"Hawo ka gani."

Murmushin ya ɗan ragu.

"Ai na yarda da idonki. Duk wanda kika zaɓa ya yi."

"Na sani. Yau dai so nake ka gani da naka."

"Sauko da shi mana."

"Hawo."

Baba ya fito daga ɗakin ya tsaya a bakin faffaɗar ƙofar. Abban yara ya dube shi, ya dubi ƙofar da ke buɗe, ya dubi makullin da ke hannuna.

"Baba, ka faɗa mata?"

"Ban faɗa ba. Aunawa ta yi."

Ya ajiye jakar a ƙasa.

Ya ɗora ƙafar dama a matakalar farko, ya dafa bango, ya jawo ta hagu. Ban taɓa tsayawa na kalli yadda mijina ke hawa bene ba sai yau. Ƙafar hagun ba ɗaguwa take yi ba, jan ta yake, bakin takalmin yana goge kowace matakala.

Ta biyu. Ta uku.

Baba ya yunƙura zai taimaka, ya ɗaga masa hannu.

Ta biyar, gumi ya keto masa a goshi.

A ta bakwai gwiwar ta lanƙwashe. Ya juya da sauri ya zauna, yana haki.

Ban san lokacin da na sauko ba. Na zauna kusa da shi a kan kankare.

"Da aka zuba matakalar nan har sama nake kaiwa," ya ce, bai kalle ni ba. "In kun tashi nakan zo in gwada. Watan jiya a ta goma sha ɗaya na tsaya."

"Mene ne sunan ciwon?"

"Na jijiya ne. Sunan dogo ne, yana cikin jaka."

"Yana warkewa?"

"Ana rage masa gudu."

"Shi ne ka zaɓi ka faɗa wa Baba, ka faɗa wa Birkila, ni ka bar ni ina yawo da kwalin tayil?"

"Kina dariya in kina maganar ɗakin nan. Na ce bari ki ƙara kwana biyu kina yi."

Ya kamo hannuna. Tafinsa sanyi ƙalau.

"Akwai wanda ko Baba bai sani ba."

Baba ya matso gindin matakalar.

"Shekaranjiya na karɓo sakamako na ƙarshe," in ji Abban yara. "Likita ya tambaye ni yadda mahaifina ya rasu, da yadda yake tafiya kafin ya kwanta. Na faɗa masa."

"Sai ya ce me?"

Ya ɗago ya kalle ni, karo na farko tun da ya zauna.

"Ya ce ranar Litinin in kawo yaran. Su biyun."